Kafin Ka Miƙa Wa Direba Kayanka: Ina Ake Samun Tarihinsa A Kotu?

Ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Mubi ko Yola zuwa Garwa, jarinsa kaf yana hannun direba. Idan direban mashayi ne, kwana ɗaya ta isa a yi asarar kaya, wani lokaci har da rai.

A Kamaru, tuƙi cikin maye laifi ne. Kundin hukunta laifuffuka na shekarar 2016 ya ninka hukuncin direban da ya kashe ko ya raunata mutum yana buge. Kotun matakin farko ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, kamar ta Garwa ko ta Guider, kuma hukuncin yana ajiye a ofishin magatakardan kotun da ta yanke shi.

Sai dai hanya mafi sauƙi ita ce takardar da ake kira kaziye judisiyer, mai lamba 3. Direban da kansa zai nemo ta, a kotun yankin da aka haife shi ba inda yake aiki ba, da katin shaida da tambur. Wata uku take aiki, don haka a duba kwanan watanta.

Amma fa a lura, hukuncin kotu kaɗai ke shiga takardar. Maganar da aka kashe a bakin hanya ba ta barin sawu. Saboda haka bayan takarda, a tambayi shugabannin tasha da waɗanda ya taɓa yi wa dako.