Rabe-raben Duniyoyin Sama a Ƙagaggen Labari

Tun daga 1969, lokacin da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya, duk marubucin Hausa da ya bi wannan hanya yakan ci karo da matsala guda. Ita kalmar tauraro abu biyu ta haɗa, watau mai haske na kansa kamar rana, da mai aron haske yana kewaya ta. Wannan na biyu shi za mu kira duniya a nan.

Malamanmu na hisabi sun daɗe da raba su. Akwai tabbatattu, irin su Ɗarfa da Jabha, waɗanda manomin Dawanau yake lissafin damina da su. Akwai kuma masu tafiya guda 7: Wata, Uɗaridu, Zuhura, Rana, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. Amma fa wannan rabo na mai kallo daga ƙasa ne, shi ya sa Rana ta shiga ciki. Ba zai gaya wa marubuci inda jaruminsa zai sauka ba.

Masana na zamani kuwa da jikin abin suke rabo. Huɗu na dutse ne: Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu da tamu duniyar. Mushtari da Zuhalu tarin iska ne, babu wurin sa ƙafa. Biyu na can nesa, waɗanda aka gano a 1781 da 1846, ƙattai ne masu tsananin sanyi. Fuluto kuma an fitar da ita daga sahu a 2006.

A ganina, abin da marubuci ya fi bukata shi ne tambayar manomi in an nuna masa sabuwar gona: ruwa yana sauka? Gero zai yi? Dubi Zuhura, wadda muke ce wa Zara matar wata da almuru, Gamzaki da asuba, alhali abu ɗaya ce. Girmanta kusan ɗaya da na duniyarmu, ta dutse ce kuma, sai a zaci ƙanwarta ce. To, zafinta ya kai digiri 460, dalma ma narkewa take yi. Mirrihu tana da ƙanƙara da busassun kwaruruka inda ruwa ya taɓa gudu, amma iskarta ba ta shaƙuwa, shekararta kuma kwana 687 ce. Wanda ya kai Kilba na gaba can, sai ya sake masa lissafin damina tun daga farko.