Burushin da Ya Ɓace daga Injin Motar Lantarki

Batirin kowace motar lantarki wuta ce yake bayarwa mai tafiya ta fuska ɗaya, wadda ake kira DC. Shi ya sa motocin lantarki na farko suka dogara da injin da ke cin wannan wuta kai tsaye. A 1899, Camille Jenatzy ɗan ƙasar Beljiyam ya zarce gudun kilomita 100 a awa da motarsa La Jamais Contente, kuma injinan DC guda biyu ne suka ja ta.

A cikin irin wannan injin akwai sanda da aka naɗe da wayar tagulla, wadda makanikai ke kira amacha, tana juyawa tsakanin maganaɗisu. Don kada ta cije bayan rabin zagaye, dole a riƙa sauya alkiblar wutar da ke shiga wayar. Wannan aikin burushi ne, wasu 'yan guntayen gawayi da ke gogar zoben tagulla mai tsage-tsage a jikin sandar. Wanda sitatar motarsa, mai irin wannan injin, ta taɓa ƙin tashi wataƙila ya ga bakanike ya zaro su, sun cinye, sun bar baƙin gari a hannunsa.

To, sitata 'yan daƙiƙoƙi take aiki. Injin da zai yi awanni yana jan mota kuwa, gogayyar nan ta zame masa ciwo: tartsatsi, zafi, da asarar wuta.

Sai injiniyoyi suka juya tsarin. Wayar ta tsaya wuri guda, maganaɗisu suka koma juyawa, aka ɗora aikin burushi a kan wani ƙaramin akwatin lantarki, kwantirola, mai sauya wutar daidai da inda maganaɗisun suka kai. Wannan injin marar burushi shi ne ke cikin ƙafar baya ta yawancin babura masu caji da suka yawaita a garuruwanmu tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Motoci irin Nissan Leaf da Tesla kuwa suna amfani da injin AC, mai cin wutar da ke sauya fuska, wata na'ura da ake kira inbata na juya musu wutar batiri.

A babur mai caji, kwantirola na cikin abubuwan da kan mutu. Lodin da ya wuce kima a tsakar rana yana ƙona ta. Injin ma bai tsira ba: zafi mai tsanani yana rage ƙarfin maganaɗisu, ruwan damina kuma idan ya shiga cikin ƙafar sai ya lalata na'urorin da ke gaya wa kwantirola lokacin sauya wuta.