Daga filin gasa a Amurka zuwa maƙerun Tasawa da Mayahi: Abin da ke sa bindiga taurin kai

A shekarar 1999 wani Ba'amurke mai suna Jerry Miculek ya harba harsashi shida da libarba, ya buɗe ta, ya zubar da kwanso, ya sake ɗurawa, ya harba wasu shidan, duk a cikin daƙiƙa 2.99. Bidiyon wannan bajinta har yau yana yawo a wayoyin matasa. Yawancin masu kallo yatsan mutumin suke yabawa, amma masu gyaran bindiga gangar harsasai suke kallo, wato wannan tukunyar ƙarfe mai ramuka da ke fita gefe ta koma mazauninta ba tare da ta cije ba.

A gasar harbi da libarba, gangar da ta yi tauri wajen buɗewa ko rufewa tana iya jawo wa ɗan wasa asarar kambu. Kuma dalilan taurin sanannu ne. Wani lokaci ɓurɓushin albarushi ne ke maƙalewa a ƙarƙashin ɗan ƙarfen nan mai kama da tauraro da ke tunkuɗo kwanso, ƙwaya ɗaya ma ta isa ta hana ganga zama daidai. Wani lokaci sandar da ke tura kwanson ce ke kwancewa a hankali saboda girgizar harbi, har ta ƙara tsawo ta tokare. Wannan matsala ce ta sa kamfanin Smith & Wesson ya juya zaren sandar zuwa hagu a farkon shekarun 1960. Mafi muni shi ne lanƙwashewar hannun da ke riƙe da gangar, wanda galibi ke faruwa idan mutum ya kwaikwayi jaruman fim yana wurga ganga ta rufe da ƙarfin tsiya.

Babu filin irin wannan gasa a Tasawa ko Mayahi da ke jihar Maraɗi. Sai dai libarba ba baƙuwa ba ce a tarihin yankin. A watan Yulin 1899 ne ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, wanda ya ƙona garuruwa ya kashe ɗimbin jama'a a kan hanyarsa, ya faɗa cikin rikici a ƙasar Tasawa. An harbe Kanar Klobb a kusa da Dankori, sannan sojojin ayarin suka kashe shugabanninsu biyu, kuma kaburburansu na nan a Maijirgi. Bindigar hannu ta hafsoshin Faransa a wancan zamani ita ce libarba samfurin 1892, wadda gangarta ke fita ta ɓangaren dama, saɓanin yawancin na yau da ke fita ta hagu.

Bindigar da talakan wannan yanki ya sani kuwa ita ce ta toka, wadda ake ɗurawa ta baki, ta maharba da 'yan bindigar da ke raka sarakuna a hawan Sallah da bikin naɗi. Ba ta da ganga, amma ciwonta ɗaya ne da na libarbar gasa: ƙarfe yana gogar ƙarfe, datti ya shiga tsakani. Kunama ta yi nauyi, ko kuma ƙarfen da ke dukan wuta ya ƙi tsayawa inda aka ɗana shi.

Yanayin ƙasar ba ya taimakawa. Mayahi na bakin Gulbin Kaba, ƙasa ce ta rairayi, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na cusa ƙura a kowace kafa. Idan damina ta sauka sai tsatsa ta karɓi aiki. Tokar albarushin gargajiya tana jan laima, saboda haka bindigar da aka harba ranar Sallah aka jingine a lungun ɗaki ba wanki, kafin wata Sallar ta ci kanta daga ciki. Wanka da ruwan zafi, busarwa sosai, sannan ɗan mai kaɗan, shi ne maganin da masu bindigar toka a ko'ina a duniya suka yarda da shi.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Da zarar ƙarfe ya yi tauri sai a kwarara masa baƙin man inji, a ɗauka an gama. Man ya haɗu da ƙura ya zama kamar taɓo mai yashi, yana cin ƙarfen duk lokacin da ya motsa. Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari, wato ɗaukar magagari a kankare wurin da ya cije. Ƙwararren maƙeri, kamar takwaransa mai gyaran libarba a Amurka, yakan fara da wanki, ya duba inda ƙarfe ya yi sheƙi don ya gane wurin gogayya, sai ya goge wurin kaɗan-kaɗan yana gwadawa. Abin da magagari ya ci ba ya dawowa, kuma kunamar da aka kankare fiye da kima takan tashi da kanta. A cikin cunkoson hawan Sallah, wannan na nufin yatsun mai bindiga ko idon yaron da ke tsaye kusa da shi. Ga kuma tsohuwar masifar bindigar toka: mutum ya manta akwai ɗuri a ciki, ya kai ta gyara, a kusantar da ita wutar zuga-zugi.

Sana'ar kanta tana cikin tsaka mai wuya. Tun da 'yan bindiga daɗi suka addabi kudancin Maraɗi, musamman Madarunfa da Gidan Rumji da ke iyaka da Najeriya, duk wanda aka gani da bindiga a maƙera abin tuhuma ne. A Nijar riƙe makami sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 ƙasar ke da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai. Tsaurin yana da hujja, ba mai musu. Amma yana da wani sakamako da ba a cika magana a kai ba: maƙerin da ya iya aikin yakan gwammace ya tsaya ga garma, hauya da gatari, ya huta da tambayoyin jandarma. Bindigogin bikin kuwa ba su daina fita ba. Suna fita ne da tsatsarsu, ko kuma bayan wani ɗan koyo ya taɓa su a bayan gida da magagari da ragowar man babur.