Ratar da ke tsakiyar bango, da abin da ke cike ta

Wanda ya tsaya gaban gidan jan bulo a Landan ko Manchester zai ɗauka bango ɗaya yake kallo. Sau da yawa biyu ne. Akwai na waje, na jan bulo, wanda kaurinsa bai wuce santimita 10 da 'yan kai ba. Akwai na ciki, na bulon siminti, shi ne mai ɗauke da nauyin bene da rufi. Tsakaninsu an bar rata, tun daga harsashi har ƙarƙashin rufi. A tsofaffin gidaje faɗin ratar santimita 5 ne, a sababbi kuwa takan kai 10 zuwa 15, saboda abin tare sanyi da ake sawa a ciki. An fara irin wannan gini tun a ƙarni na 19 a wuraren da iska da ruwa suka fi dukan gidaje, amma sai a shekarun 1920 da 1930 ya game Birtaniya.

Dalilin ratar shi ne jan bulo yana shan ruwa, maginan can kuma sun daɗe da daina musun haka. Ruwan Birtaniya ba ya yin ƙarfin na watan Agusta a Kano, amma yana iya wuni yana sauka, ya kwana, iska daga tekun Atlantika tana watsa shi a kan bango a karkace. Bulo ya sha ya ƙoshi, sauran ya bi ƙananan tsagogin da ke tsakanin bulo da siminti ya ɓullo ta baya. Mu a nan a fuskar bango muke tare ruwa: da can da makuba, yanzu da filasta da fenti. Su sun bar bangon waje ya jiƙe abinsa. Ruwan da ya ratsa shi sai ya tarar babu abin da zai taka ya ƙetare, dole ya gangara ta bayan bulon ya sauka ƙasa, ya fita ta kafofin da aka bar masa. Bangon ciki ya zauna a bushe.

Kada a haɗa wannan da bulonmu mai inci tara. Shi ma yana da rami a ciki, amma akwai haƙarƙarin siminti da ya haɗa fuskarsa ta waje da ta ciki, ruwa kuwa yana bin sa ya wuce. A bango mai rata, ƙa'idar ita ce kada wani abu mai shan ruwa ya taɓa bangayen biyu a lokaci ɗaya. Duk wahalar aikin tana cikin wannan ƙa'ida, domin babban mai karya ta shi ne simintin da ake ginin da shi.

Ga yadda abin ke faruwa. Birkila ya shimfiɗa kwaɓi da cokalinsa, ya ɗora bulo, ya danna har kaurin simintin ya dawo santimita ɗaya. Abin da ya yi yawa sai ya tsatso ta gefe biyu. Na gefen da yake gani, nan take yake yanke shi da bakin cokali ya mayar kan allo. Na gefen rata ba ya ganinsa sosai, kuma babu mai ganinsa bayan an rufe. Wani ya maƙale a jikin bango ya bushe ya yi tozo, wani ya faɗa ciki. Ɗan kaɗan ne a kowane bulo, amma gida ɗaya yana cin dubban bulo. Idan ba a kula ba, kafin a kai linta an zuba bokitai na siminti a cikin ratar ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ga kuma gutsattsarin bulo da aka fasa, da guntayen katako, da yagaggen buhun siminti, har da gwangwanin lemon da lebura ya rasa inda zai jefa.

Wuri biyu simintin nan yake sauka, kowanne da irin ɓarnarsa.

Na farko shi ne kan maɗaurai. Bango mai kaurin santimita 10 ba zai tsaya shi kaɗai gaban iska ba, don haka ake ɗaure shi da na ciki da 'yan sandunan ƙarfe da ake binne bakinsu a cikin siminti. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce a sa su kowane santimita 90 a kwance, kowane 45 a tsaye, a saɓa su, kuma kowane baki ya nutse aƙalla santimita 5 a cikin bangonsa. A gefen ƙofa da taga ana ƙara matse su. Wannan 45 ɗin ba da ka aka zaɓe shi ba: sahu shida na jan bulo da simintinsu daidai suke da sahu biyu na bulon ciki, a nan layukan biyu suke haɗuwa. To maɗauri shi ne abu ɗaya da aka yarda ya ƙetare ratar, shi ya sa aka yi masa dabara. A tsakiyarsa akwai murɗi ko ɗan lanƙwasa mai kallon ƙasa. Ɗigon ruwan da ya biyo ƙarfen daga waje, idan ya iso nan sai ya taru ya ɗiga ƙasa. Ana kuma kwantar da shi daidai, ko a ɗan karkata shi ya gangara waje. Idan aka karkata shi ciki, an yi wa ruwa indararo zuwa ɗaki.

Yanzu a ce dunƙulen siminti ya faɗo daga sama ya zauna a kan wannan murɗi ya bushe. Dabarar ta mutu. Busasshen siminti yana tsotsar ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ba ruwansa da gangara ko hawa. Sai ya ɗauko ruwa daga bayan bulon waje ya miƙa wa na ciki. Bayan shekara ɗaya ko biyu mai gida ya ga tabon lema mai faɗin faranti a tsakiyar bangon ɗakinsa, nesa da taga, nesa da famfo. Ya bushe idan an yi rana, ya dawo duk lokacin da aka yi ruwa da iska daga wannan ɓangaren. Idan wuraren tabon sun yi yawa, har jeri suke yi, tazararsu daidai da tazarar maɗauran da ke ɓoye.

Na biyu shi ne gindin ratar. A kowane bango ana shimfiɗa wata leda mai kauri a cikin siminti don ta hana lemar ƙasa hawa, ita ce difisin da maginanmu ma suke faɗa. A Ingila ana sa ta aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje, don kada fantsamar ruwan sama ta tsallake ta. Ana kuma son ratar ta zarce ƙasa da ita da aƙalla santimita 22 da rabi, don ruwan da ya gangaro da ɗan abin da ya faɗo su sami wurin zama a ƙarƙashinta. Wannan wurin yana da iyaka. Idan tarkace ya cike shi ya haura layin ledar, ruwa ya sami hanyar kewaye ta. Alamarsa a cikin ɗaki ita ce lema a gindin bango, fenti yana ɓarewa, katakon da aka kewaye ƙasan bango da shi yana ruɓewa, ga baƙar fumfuna a kusurwa. Irin wannan matsalar tana faruwa a saman taga da ƙofa. A nan linta ta datse ratar, don haka ake sa wata leda mai gangara, ta tashi daga bangon ciki ta sauko a na waje, a toshe bakinta biyu don kada ruwa ya zube ta gefe. A kanta ake barin ƙananan kafofi a tsakanin bulo, aƙalla biyu a kowace taga. Wanda ya lura zai gan su a sababbin gidaje, 'yan robobi sirara a tsaye cikin layin siminti. Sai dai wannan leda shimfiɗa ce mai tare duk abin da ya faɗo daga sama. Idan siminti ya taru a kanta ya toshe kafofin, ruwa ya kwanta, ya nemi hanya ta saman taga.

Maganin ba shi da tsada, kuma tsoho ne. Ana samun dogon siririn katako wanda faɗinsa ya kusa cike ratar, a ɗaura masa waya ko igiya a kowane baki, a kwantar da shi a kan sahun maɗauran da aka gama sawa. Gini ya ci gaba a samansa. Duk abin da ya zubo, a kansa zai sauka. Idan an hau santimita 45, kafin a sa sabon sahun maɗaurai, sai mutum biyu su kama igiyoyin su jawo shi sama a hankali ba tare da ya karkace ba, a kankare shi, a sa maɗaurai, a sake kwantar da shi. Wasu suna naɗe shi da tsumman buhu don ya toshe gefe da gefe sosai. Birkilan da ya ƙware kuma tun a shimfiɗa yake rage matsalar: yana ɗan janye kwaɓin daga bakin rata, ya karkata shi da cokali, ta yadda idan ya danna bulo ba abin da zai tsatso da yawa. Abin da ya tsatso kuma yana miƙa cokali ya shafe shi tun yana ɗanye.

Akwai dabara ta biyu, don abin da ya kuɓuce wa katakon. A sahun farko na gindin bango, da kuma saman kowace linta, ana ɗora wasu bulo jefi-jefi a kan yashi maimakon siminti. Da yamma kafin a tashi sai a zare su, a sa ƙarfe ko sanda a yaso abin da ya taru tun bai yi tauri ba, a leƙa da tocila. Sai an gama bangon ake mayar da su a kama da siminti. Kwana ɗaya kawai ke tsakanin simintin da za a share da hannu da wanda sai an sa kurfi da guduma.

Tun bayan tashin farashin mai na 1973 cusa abin tare sanyi a cikin ratar ya yaɗu, aikin kuma ya ƙara wuya. Iri biyu ne. Akwai allon soso mai tauri da ake manna wa bangon ciki, a riƙe shi da 'yan faifan roba da ke jikin maɗaurai, a bar aƙalla santimita 5 fayau tsakaninsa da bangon waje. Akwai kuma wani mai kamar auduga, da ake yi da narkakken dutse ko gilashi, wanda ke cike ratar gaba ɗaya. An sarrafa shi yadda ruwa zai gangara ta fuskarsa ba zai ratsa ba. Duka biyun a mahaɗa suke samun matsala. Idan siminti ya zuba a saman allo aka ɗora na gaba a kai, an bar layin siminti kwance daga bango zuwa bango. Shi ya sa ake fara ɗaga bango ɗaya, a kankare bayansa, a jera allunan a matse, a rufe samansu da katako, sannan a ɗaga ɗayan. A gaɓar yammacin Birtaniya, irin su Wales da Cornwall da yammacin Sikotlan, inda ruwa da iska suka fi tsanani, ana taka-tsantsan ƙwarai da cike ratar gaba ɗaya a bangon da ba a yi wa shafe ba. A ganina da gaskiyarsu: wanda ya cike ratar ya dogara ne ga cewa kowane sahu an yi shi daidai, wanda ya bar fili kuwa ya bar wa kuskure wurin zama.

Sai lemar da ke shiga tun ana ginin. Bangon da ba a rufe samansa ba, bakinsa a buɗe yake ga sama. Don haka kullum kafin a tashi ana lulluɓe shi da leda a danne, a juya katakon dandamali na kusa da bango don kada ruwa ya faɗa kansa ya fantsama wa sabon gini. Bulo da allunan da ke jiran aiki ana ɗora su a kan katako a rufe. Jiƙaƙƙen bulo idan ya bushe yakan fitar da farin gishiri a fuska, jiƙaƙƙiyar auduga kuwa idan aka rufe ta a bango takan daɗe ba ta bushe ba.

Duk birkila ya san waɗannan. Abin da ke hana yi shi ne sau da yawa ana biyansa ne bisa yawan bulon da ya jera, katakon nan kuwa yana cin lokaci, kuma babu wanda zai yabe shi a kan abin da ba a gani. Ranar 29 ga Janairu 2016, iska mai ƙarfi ta kayar da kimanin tan tara na bangon waje a makarantar firamare ta Oxgangs a Edinburgh, da sassafe kafin yara su iso. Da aka bincika sauran makarantun da aka gina a ƙarƙashin shiri ɗaya da ita, sai da aka rufe 17 har da ita. Rahoton binciken da John Cole ya jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya gano maɗaurai da yawa ba su nutse cikin siminti yadda ya kamata ba, kuma babu isasshen mai duba aiki mai zaman kansa da zai leƙa ratar kafin a rufe ta. Wannan ba matsalar lema ba ce, amma a rami ɗaya suke kwana.

Idan an riga an rufe, mai bincike yakan huda ƙaramin rami a layin siminti ya zura siririyar kyamara ya duba. In maɗauri ne ya ɗauki siminti, sai a cire bulo ɗaya ko biyu a kusa da shi a fasa dunƙulen. In gindin ne ya cika, sai a bi bangon ana zare bulo kaɗan-kaɗan, ba a jere ba don kada na sama ya zauna, ana sa hannu ana kwaso abin da ke ciki, a mayar, a matsa gaba. Bangon gefe ɗaya na iya cin kwanaki, kuma sabon simintin da aka mayar da bulon da shi ba ya taɓa yin kala ɗaya da tsohon.