Ina Za Mu Sami Zumunci Sa'ad da Ikkilisiya Ta Rikice?

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7 da Irmiya 29:4-14

 In akwai Littafi Mai Tsarki a kusa, sai ɗaya daga cikin yara ya buɗe mana wuraren nan biyu, gama za mu koma kansu.

Yau maganarmu a kan mai bi ne wanda ya tashi ran Lahadi da safe, ya yi wanka, ya sa tufafinsa, amma zuciyarsa ba ta son zuwa sujada. Ba wai ya daina ba da gaskiya ba. Abin da ya gani a ikkilisiya ne ya kashe masa jiki. Irin wannan mutum yana da yawa a Abuja, wataƙila ma yana cikin gidan da ake sauraronmu yanzu.

Bari mu fara da garin kansa. A shekarar 1976 aka yi dokar da ta kafa Babban Birnin Tarayya, gwamnati kuma ta taso daga Legas ran 12 ga Disamba 1991. Amma ba a daji aka gina birnin ba. Gbagyi suna nan, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Ganagana, da Bassa da sauransu, da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Aka ta da waɗansu daga ƙauyukansu. Daga baya mutane suka yi ta zuwa daga Filato, da Kudancin Kaduna, da Adamawa, da Taraba, da Borno, neman abinci. A shekarun 2003 zuwa 2007 aka yi rusau mai yawa, jama'a suka watse zuwa Mararaba da Masaka da Suleja. Mutum yakan dawo ya tarar waɗanda suke zama benci ɗaya da shi a majami'a kowa ya kama gabansa. Saboda haka a Abuja ɗan gari ya zama baƙo a ƙasarsa, baƙo kuma bai zama ɗan gari ba. Ga mutane irin wannan, ikkilisiya ce dangi. Ita ce takan zo suna, ita ce takan ɗauki gawa zuwa gida. Shi ya sa in ta rikice, abin yakan yi zafi fiye da yadda yake yi a ƙauye.

Rikicin kuwa iri biyu ne. Akwai wanda yake zuwa daga waje. Ba mu manta da Kirsimeti na 2011 ba, sa'ad da bom ya tashi a ƙofar majami'ar Katolika ta St. Theresa a Madalla, a bakin iyakar Abuja, mutum fiye da 30 suka rasu suna fitowa daga sujada. Tun daga lokacin muka saba da duba jaka a ƙofa, da ajiye mota nesa da gini. Ran 14 ga Afrilu 2014 da safe bom ya tashi a tashar motar Nyanya, fiye da mutum 70 suka mutu. A daren ranar nan kuma aka kwashe 'yan mata 276 daga makaranta a Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Oktoba, Boko Haram ta kama hedkwatar EYN da ke Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. Mutanen Gwoza da kewaye suka iso Abuja da abin da hannu ya iya ɗauka, suka zauna a Durumi da Kuchingoro da Wassa.

Wannan irin wahala, da dukan zafinta, sau da yawa takan haɗa kan masu bi. Mun ga haka. Matan zumunta suka tara zannuwa da masara, ikkilisiyoyin da ba su taɓa gaisawa ba suka haɗu a sansani ɗaya. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa kusa da Abuja, aka kafa wurin zama inda Kirista da Musulmi da suka gudu daga yaƙi ɗaya suka gina gidaje kusa da juna.

Na biyun shi ne mai wuyar haɗiyewa, wato rikicin cikin gida. Ba asiri ba ne. Ikkilisiyar Assemblies of God ta rabu biyu a kan shugabanci daga 2014, har magana ta kai Kotun Ƙoli a nan Abuja, aka yanke hukunci a 2017. A 2024 ikkilisiyar United Methodist a Nijeriya ta tsage, har aka yi asarar rayuka a Jihar Taraba. Ba mu ambaci waɗannan don mu nuna yatsa ba, gama babu ɗarikar da za ta ce ita ƙura ba ta taɓa ta ba. A ƙananan ikkilisiyoyi ma haka ne: zaɓen dattawa ya zama na ƙabila, kuɗin gini ba a san inda ya shiga ba, an canja wa fasto wurin aiki rabin jama'a sun bi shi, sashen Turanci ya ɗauki lokaci mai kyau da ɗaki mai kyau, ya bar wa sashen Hausa ragowa. In maƙiyi ya buge ka, ka san inda za ka gudu. In a gida aka buge ka fa?

To, bari mu duba Ayyukan Manzanni sura 6. Muna son mu daɗe a nan kaɗan, domin labarin kamar a Karu aka rubuta shi.

Ikkilisiyar Urushalima tana girma, amma a cikinta akwai jama'a iri biyu. Dukansu Yahudawa ne, dukansu sun gaskata da Yesu. Abin da ya bambanta su harshe ne. Waɗansu 'yan ƙasa ne masu yaren gida, waɗansu kuma sun tashi a ƙasashen waje, Helenanci ne a bakinsu. Ana rabon abinci kowace rana ga gwauraye mata, sai masu Helenanci suka fara gunaguni cewa ana tsallake nasu. Ku lura, gardamar fari da aka rubuta a tarihin ikkilisiya ba a kan koyarwa ba ce. A kan tuwo ne da yare. Wanda ya taɓa zama a taron ikkilisiya inda ake magana da harshen da ba ya ji sosai, ya ɗaga hannu ba a gan shi ba, ya san abin da gwaurayen nan suka ji.

Me manzanni suka yi? Ba su ce ƙarya ne ba. Ba su ce masu gunaguni ba su da Ruhu ba, ko a yi shiru kada a ɓata sunan ikkilisiya. Suka kira dukan jama'a, a fili, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu aikin. Jama'a ne suka yi zaɓen, manzanni suka yi addu'a suka ɗibiya musu hannu. Yanzu ku karanta sunayen a aya ta 5, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci ne. Masana da yawa suna ganin wannan yana nuna cewa ɓangaren da aka cuta ne aka miƙa wa ludayin rabo. Masu rinjaye suka yarda su saki abin da ke hannunsu. A ganinmu wannan ne abin da ya fi ƙaranci a ikkilisiyoyinmu yau. Mun iya kiran azumi da addu'a a kan rikici, amma mu ba wanda ya yi kuka mabuɗin ma'aji, nan ne gizo yake saƙa. Aya ta 7 kuwa ta nuna abin da ya biyo baya: Maganar Allah ta ƙara yaɗuwa, har firistoci da yawa suka ba da gaskiya.

Ba wannan kaɗai ba ne. A Koranti masu bi suka kasu, wannan na Bulus, wancan na Afolos, har suna kai juna gaban alƙalai, a wurin Jibin Ubangiji kuma masu hali suna ƙoshi matalauta suna kallo. Duk da haka Bulus ya buɗe wasiƙarsa yana kiransu ikkilisiyar Allah. Shi kansa Bulus ya yi saɓani mai zafi da Barnaba a kan Yahaya Markus, har suka rabu, kowa ya kama hanyarsa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma bayan shekaru, Bulus yana kurkuku, ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus ɗin nan, domin yana da amfani a gare shi. Wanda yake neman ikkilisiyar da ba a taɓa faɗa a cikinta ba, ba zai same ta ko a cikin Sabon Alkawari ba.

To ina zumuncin yake sa'ad da manya suke ja-in-ja a sama? Yawancin lokaci yana ƙasa, inda idonmu bai cika zuwa ba. Ku tuna da 2020. Daga 30 ga Maris aka rufe Abuja saboda cutar korona, aka kulle majami'u, Ista ta same mu a gida. Babu mawaƙa, babu lasifika, babu kwandon baiko. Me ya rage? Uba ya buɗe Littafi, uwa ta ɗaga waƙa daga Littafin Waƙoƙi, a waɗansu gidaje aka yi addu'a da yaren gida wanda yara suka daɗe ba su ji a bakin iyayensu ba. Maƙwabciya ta miƙo kwanon garin masara ta kan katanga. Haka ikkilisiyar fari ta zauna shekaru da yawa ba ta da gini. Akila da matarsa, waɗanda aka kora daga Roma a zamanin Kalaudiyas, inda suka sauka gidansu yakan zama wurin taron masu bi.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ikkilisiyarku tana cikin hargitsi, kada ka rufe ƙofa ka ce kai da Allah kaɗai kun isa. Zumunci a ƙafa yake. Nemi mutum biyu ko uku waɗanda za ku iya yin addu'a tare ba tare da cin naman kowa ba. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, gama taron addu'a da yawa ya zama majalisar gulma, ana cewa ana kawo roƙo ne. Ka ci gaba da gaida wanda yake ɗaya ɓangaren. In matarsa ta haihu, je barka. In an yi masa rasuwa, je gaisuwa. Ku iyaye kuma, ku kula da abin da kuke faɗi a gaban yara bayan an tashi sujada. Yaron da ya girma yana jin ana yanka fasto da dattawa kowace Lahadi a kan tuwon rana, ran da ya kai shekara 18 ba wanda zai iya riƙe shi a majami'a.

Wani zai tambaya, ashe ba a barin ikkilisiya ko ta ƙaƙa? Ana bari. In an juya bishara ta zama ciniki, in ana rufe zunubin shugaba ana hukunta wanda ya tona, in ana lalata yara ko cin zarafin mata, haƙuri ba ya nufin yin shiru. Abin da doka ta hana kuma, a kai shi gaban hukuma, ba a ɓoye shi a ofishin fasto ba. A kan laifi tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa, Matiyu 18 ya ba mu hanya: ka same shi ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki shaidu, sa'an nan a kai gaban ikkilisiya. In duk an bi ba a sami gyara ba, mutum yana iya tafiya. Sai dai ya tafi zuwa wata ikkilisiya, ba zuwa zaman gida ba, ya yi sallama, kada kuma ya zama mai jan jama'a a baya. A Abuja akwai majami'a kusan a kowane layi, don haka sauya wuri ya yi sauƙi ƙwarai. Wanda ya sauya sau huɗu cikin shekara biyar, ya kamata ya zauna ya tambayi kansa ko damuwar tana bin sa ne a aljihu.

Yanzu ga Irmiya 29. Mutanen Yahuza suna bauta a Babila, an raba su da Haikali, shugabannin addini kuma bakinsu bai zama ɗaya ba. A sura 28 wani annabi mai suna Hananiya ya yi alkawari cewa cikin shekara 2 kome zai koma daidai. Maganar tana da daɗin ji, amma ƙarya ce. Irmiya ya aika da wasiƙa ya ce zaman zai kai shekara 70. Ya ce su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da suke baƙunci a ciki, su yi masa addu'a. A cikin wannan wasiƙa ce ayar nan ta 11 take, wadda muke mannawa a jikin mota, a kan nufin alheri da Allah yake da shi domin mutanensa. Waɗanda suka fara jin ta, yawancinsu ba su ga ranar komawa gida da idonsu ba. Jikokinsu ne suka gani.

Wannan shi ne bambancin bege da fata. Fata yana cewa wataƙila shugaba mai zuwa zai fi wannan. Bege yana tsaye a kan abin da ya riga ya faru, wato Yesu ya mutu ya kuma tashi, shi ne kuma kan ikkilisiya, ba shugaban majalisa ba. Mai bege yana iya koyar da ajin Lahadi na yara yayinda shari'a take kotu. Yana iya zuwa koyon waƙa ran Alhamis ko da rabin ƙungiyar sun daina zuwa.

Kafin Lahadi mai zuwa, muna roƙon kowane gida ya zauna ya lissafta mutanen da suka saba gani a sujada amma an kwana biyu ba a gan su ba. Ku zaɓi ɗaya. Kada ku aika saƙo ta waya, ku taka ku je. In kun isa, ba sai kun tambaye shi dalilin da ya sa ya daina zuwa ba. Ku gaishe shi, da yarensa in kun iya, ku tambayi lafiyar yara, in ya yarda ku yi addu'a tare kafin ku tashi.