Ko Kun Sani? Wasan Ninke Takarda Ya Daɗe a Makarantun Yara

A unguwar Tayuri da ke birnin Sabha, a yankin Fezzan na kudancin Libiya, zafin rana kan haura digiri 40 tsakanin watan Yuni da Agusta, daidai lokacin dogon hutun makaranta. Da rana tsaka sai dai ƙananan yara su zauna a ɗaki, kuma a nan ne wasan ninke takarda, wato origami, yake da rana.

An fi danganta wasan da Japan, inda aka buga littafi a kansa a birnin Kyoto tun 1797. Amma wanda ya shigar da shi ajin ƙananan yara Bajamushe ne, Friedrich Fröbel, wanda ya kafa makarantar rainon yara a garin Bad Blankenburg. Tsarinsa ya isa Tokyo a 1876.

Ɗan shekara huɗu zai iya yin mafici: ya riƙa ninka takarda gaba da baya, babba ya ɗaure masa gindinta da zare. Takarda mai kusurwa huɗu kuwa, in aka haɗa kusurwa da kusurwa aka lanƙwaso kunnuwa biyu, ta zama fuskar kyanwa. Ba a buƙatar almakashi ko gam.

Wannan wasa yana ƙarfafa yatsun yaro kafin ya fara riƙe alƙalami, yana kuma koya masa siffofi da haƙuri. Tsohuwar jarida ma ta wadatar, amma iyaye su duba da kyau kada a ninke takarda mai ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah.