Alkashinawi, Malamin Hatimi da Ya Rasu a Alƙahira

A shekarar 1741 wani malami Bafulatani daga ƙasar Katsina ya rasu a Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda daga baya ya zama babban marubucin tarihin Masar, shi ya adana mana labarinsa.

A nan ƙasashenmu ya yi karatu, cikin malamansa har da Muhammadu Alwali na Bagarmi. Wajen 1730 ya kama hanyar aikin hajji, bai kuma dawo gida ba. Ya yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi, amma abin da ya fito da sunansa shi ne ilmin haruffa da hatimi da taurari. A 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙ, bayansa kuma Addurrul Manzum, wanda ya gina a kan Assirrul Maktum, littafin da ake jingina wa Fakhruddin Arrazi, mai babban tafsirin nan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin karatun da ke gabansa a shekarunsa na ƙarshe. Yana bin sawun wani tsohon fanni da ya ratso ƙarnoni, yana tace maganganun magabata, yana warware wuraren da suka cukurkuɗe.

Wanda bai taɓa zaunawa ya cika hatimi da hannunsa ba, da wuya ya gane wahalar aikin. Ɗauki musallasi, mai gida tara: za ka zuba lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda duk layin da ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba ka 15. A muhammasi, mai gida 25, jimlar kowane layi 65 ce. Alkashinawi ya tsara ƙa'idojin cika hatimai masu gidaje mara, komai girmansu, ba da lalube ba. Saboda haka ne Claudia Zaslavsky, 'yar Amurka, ta kawo shi a littafinta na 1973 kan tarihin lissafi a Afirka.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka yi watandar mutumin. Masana lissafi sun ɗebi lambobinsa sun watsar da asirin. Malaman tsibbu suna buɗa littafinsa, da yawansu ba su san ɗan ƙasarsu ne ya rubuta shi ba. Wasu kuma da zarar sun ji an ambaci ɗalasimai sai su toshe kunne. Ba ina kiran kowa ya yi aiki da abin da ke ciki ba ne. Hukuncin sihiri sananne ne, malamai sun daɗe da yin bayaninsa. Amma nazarin tarihi daban, aikatawa daban. A zamaninsa mutum ɗaya ne ke riƙe da nahawu da lissafi da ilmin taurari, malaman Alƙahira kuma suka karɓe shi da girmamawa. Idan muka yanke ɓangaren da bai yi mana daɗi ba, ba za mu taɓa fahimtar yadda malamanmu suka yi tunani kafin jihadin 1804 ba.

Ina kira ga sassan tarihi da na lissafi da na Larabci a jami'o'in Katsina da Kano da Sakkwato su haɗa hannu su fassara Bahjatul Afaƙ zuwa Hausa, tare da sharhi.